Idan ina kallon bidiyo sai in gane, da na buɗe littafi sai in ɓata

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 21, ina aji biyu a sashen fiziks a wata jami'a a nan Arewa. Likitanci na nema ban samu ba, aka turo ni nan. Da farko ina shiga aji ne kawai don kada a ce ban zo ba. Daga baya na ci karo da wani bidiyo a YouTube a kan ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai da su, daga nan na faɗa kan ka'idar tsirkiya. Wallahi Malam tun ranar abin ya shiga raina. Duk datar da na saya a can take ƙarewa. Idan ina kallo sai in ji na gane komai, har in riƙa yi wa abokan ɗakina bayani. Amma da na sauke littafi na gaske a kan ka'idar, ko shafi uku ban iya wucewa ba. Ga shi na samu kari-oba a darasin difarenshiyal, kuma har yau ban faɗa wa mahaifina ba. Shi dama cewa yake karatun nan ba ya kai mutum ko'ina, in dawo mu riƙe shago tare. Malam, ni ne ba ni da ƙwaƙwalwar abin, ko kuwa dama ba irinmu ne ke yin wannan karatu ba? In haƙura?

Wani ɗalibi

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kada ka haƙura. Amma hanyar da kake bi ba za ta kai ka inda kake so ba, kuma gara ka ji haka yanzu kana aji biyu da ka ji bayan ka fito da sakamakon da ba zai buɗe maka kowace ƙofa ba.

Masu yin waɗannan bidiyoyi da gangan suke cire lissafi, don kowa ya iya kallo. Ba yaudara ba ce, aikinsu ke nan: su sa mutum ya ji sha'awa, kuma a kanka sun yi nasara. Sai dai abin da suke ba ka labarin sakamako ne, su kuwa masu fannin da lissafi suka kai ga sakamakon. Littafin da ka sauke an rubuta shi ne don wanda ya riga ya ƙware a darussa da dama da kai ko shiga ajinsu ba ka yi ba tukuna. Ɗalibin aji biyu a Kambirij ko a Tokiyo, idan ka miƙa masa wannan littafi, shi ma a shafi na uku zai tsaya. Saboda haka tsayawarka ba ta nuna komai game da ƙwaƙwalwarka ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ka ɗauki kari-oban nan a matsayin wata masifa daban da ta zo ta shiga tsakaninka da abin da kake ƙauna. Darasin da ya kayar da kai shi ne farkon ka'idar tsirkiya. Bari in nuna maka.

Ka san goge. Tsirkiyarsa ɗaya ce, amma mai goge yana fitar da muryoyi iri-iri daga cikinta, gwargwadon yadda ya sa ta kaɗawa. Abin da ka'idar tsirkiya ke cewa ke nan a taƙaice: wai ƙananan ƙwayoyi irin su ilektiron da kwak da ƙwayar haske ba ɗige-ɗige ba ne masu asali daban-daban, ƙanƙanuwar tsirkiya ce iri ɗaya, kowace ƙwaya kuwa wani salon kaɗawarta ne. Wannan ka riga ka ji shi a bidiyo. Abin da ba su nuna maka ba shi ne yadda ake rubuta kaɗawar tsirkiya a takarda. Ana rubuta ta ne da ikweshan na difarenshiyal, wanda wani Bafaranshe mai suna d'Alembert ya fara rubutawa a tsakiyar ƙarni na 18, yana nazarin tsirkiya ta gaske irin ta kayan kiɗa. Kafin shi akwai wanda ya fi shi sauƙi, wanda na tabbata yana cikin takardun darasin da ka faɗi: nauyi rataye a jikin sifirin, ka ja shi ƙasa ka sake, ya dinga hawa da sauka. Wannan ɗan lissafi na kai-komo zai sake tarbar ka a darasin kwantam, wato fiziks na abubuwa ƙanana ƙwarai irin su ilektiron. Zai sake tarbar ka a ka'idar filaye ta kwantam, inda ake ɗaukar kowane fili a matsayin tarin abubuwa masu kai-komo. Ranar da ka koma kan littafin da ya gagare ka, za ka tarar da babi guda cur a kan tsirkiya mai kaɗawa, ana warware ta da dabarar da lakcaranka ya rubuta a allo kai kuma hankalinka yana kan waya. Idan ka riƙe wannan darasi da kyau, ka riƙe abin da za ka yi ta amfani da shi har ƙarshen karatunka.

Ina so kuma ka ɗanɗana bambancin jin labari da yi da hannunka, yau ɗin nan. Ɗauko biro da takarda.

Akwai wata ƙwaya da ake kira muwon, 'yar'uwar ilektiron ce amma ta ninka shi nauyi kusan sau 207. Ana samar da ita can sama, wajen kilomita 15 daga ƙasa, idan ƙwayoyin da ke zuwa daga sararin samaniya suka bugi iska. Ba ta da tsawon rai: a matsakaici tana rayuwa kashi 2.2 cikin miliyan na sakan ɗaya, sai ta rikiɗe ta koma wasu ƙwayoyi. Haske yana gudun kilomita 300,000 a sakan. Ka ninka wannan gudu da tsawon ranta. Za ka samu mita 660. Ke nan ko da gudun haske take yi, bai kamata mafi yawansu su wuce mita ɗari shida da 'yan kai ba, balle kilomita 15. Amma ga su nan suna isowa ƙasa da yawa, kusan guda ɗaya a kowane minti tana ratsa fili mai faɗin farcen yatsanka, kana zaune a ɗaki kana karanta wannan amsa. Yanzu ka ɗauka muwon ɗin tana gudun 0.999 na gudun haske. Ka ninka 0.999 da kansa, ka cire abin da ka samu daga 1, ka ɗauki tushen murabba'insa, sannan ka raba 1 da amsar. Zai ba ka 22 da ɗan ɗori. Wannan shi ne adadin da ka'idar Einstein ta 1905 ta ce agogon abu mai irin wannan gudu yana jinkiri da shi idan mu ne ke dubansa daga ƙasa. Ka ninka 660 da 22.4. Ka ga inda ka sauka: kusa da kilomita 15.

Wannan lissafi bai wuce minti goma ba, kuma da ka gama shi ka san wani abu game da fiziks na ƙwayoyi wanda babu mai iya ƙwace maka, domin kai ka fitar da lambar. Irin wannan sanin nake so ka fara tarawa.

Sai batun ka'idar tsirkiya ita kanta. Akwai abin da ya kamata ka sani tun kafin ka ɗora rayuwarka a kanta, kuma bidiyoyi da yawa suna wuce shi da sauri. Fiziks na ƙwayoyi da ka'idar tsirkiya ba matsayinsu ɗaya ba.

Na farkon an gwada shi, an sake gwadawa, ya tsaya. J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897. Rutherford ya nuna a 1911 cewa ƙwayar zarra tana da ƙaramar cibiya mai nauyi. Chadwick ya gano nutiron a 1932. A 1964 Gell-Mann da Zweig, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo shawarar cewa furoton da nutiron, waɗanda su ne ke cikin cibiyar zarra, su ma ginannu ne daga wasu ƙananan ƙwayoyi, wato kwak. A hankali aka haɗa tsarin da yau ake kira Daidaitaccen Tsari, mai ƙwayoyi 17: kwak shida, dangin ilektiron da nutirino shida, masu ɗaukar ƙarfi huɗu, sai ƙwayar Higgs. Abin da ke ba tsarin nan daraja shi ne yana faɗin abu kafin a gan shi. An yi hasashen ƙwayoyin W da Z, aka same su a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, a 1983. An jira kwak na shida, aka same shi a Fermilab ta Amurka a 1995. Ita kuwa ƙwayar Higgs, tun 1964 aka rubuta ta a takarda, sai ranar 4 ga Yuli 2012 aka sanar da ganinta, bayan an gina na'ura mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, a kan iyakar Faransa da Suwizalan kusa da Janiba. Shekara 48 tsakanin biro da gani. Peter Higgs, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi hasashenta, yana zaune a zauren ranar da aka yi sanarwar, ya tsufa, yana share hawaye.

Ka'idar tsirkiya ba ta kai wannan matsayi ba. Ta samo asali daga wani lissafi da Veneziano ya rubuta a 1968 don wata matsala daban. A 1974 Scherk da Schwarz suka lura cewa ɗaya daga cikin salon kaɗawar tsirkiyar yana da siffar ƙwayar da ya kamata ta ɗauki ƙarfin nauyi, wanda ke jan abu zuwa ƙasa kuma yake riƙe duniya a kewayen rana. Wannan babban abu ne, domin ƙarfin nauyi shi ne abin da Daidaitaccen Tsari ya bari a waje. Aikin Green da Schwarz na 1984 ya jawo ɗaruruwan masana cikin fagen, Witten ya nuna a 1995 cewa nau'o'inta biyar suna iya zama fuskokin abu guda, Maldacena ya kawo a 1997 wata dangantaka da har yau ake amfani da ita a wasu fannoni. Ta ba ilimin lissafi kyaututtuka na gaske. Amma tana buƙatar sarari da lokaci su kasance da ɓangarori goma maimakon huɗun da muka sani (tsawo da faɗi da zurfi da lokaci), kuma har yanzu babu gwaji ko ɗaya da ya tabbatar da ita. Dalilin yana da sauƙin faɗa: bisa ƙiyasin da aka fi yawan yi, ƙanƙantar tsirkiyar ta kai ka raba mita ɗaya da lambar da ke da sifili 35 a bayan 1, alhali furoton sifili 15 ne kawai. Kafin a gan ta kai tsaye ana buƙatar na'urar da ta ninka ta CERN ƙarfi sau miliyan ninki biliyan, wato lambar da ke da sifili 15 a bayan 1. Manyan masana sun rabu a kanta, wasu sun ba ta rayuwarsu, wasu suna ganin an daɗe ana bin ta ba tare da hujja daga gwaji ba.

A ganina ka'ida ce da ta cancanci a yi nazarinta, kuma ba na so ka raina ta. Sai dai ba na so ɗan shekara 21 ya yanke hukuncin cewa ita kaɗai ce fiziks tun bai san sauran ba. Akwai tambayoyi a buɗe waɗanda gwaji ke iya taɓawa a zamaninka. Nutirino, waɗanda biliyoyinsu daga rana ke ratsa jikinka a kowane sakan ba ka ji, an gano suna da ɗan nauyi, abin da tsarin a asalinsa bai tanada ba, kuma a kan haka aka ba Kajita da McDonald kyautar Nobel a 2015. Akwai baƙin abu da ba ya fitar da haske, wanda ya ninka duk abin da muke gani a sararin samaniya kusan sau biyar, har yau ba a san ko mene ne ba. Mai yiwuwa idan ka yi nisa ɗaya daga cikin waɗannan ce za ta kama zuciyarka.

Yadda za ka bi karatun ba wani sirri ba ne, kuma rabinsa yana cikin manhajar da jami'arka ta riga ta tsara maka. Kalkulas da difarenshiyal da lissafin matiris su ne na farko. Sai makanikan Newton, har zuwa salon Lagrange da Hamilton da za ku yi a aji uku, wanda ɗalibai da yawa ke haddacewa don jarrabawa su manta, alhali da wannan yaren ake rubuta duk abin da ke gaba. Sai lantarki da maganaɗisu, sai ka'idar Einstein ta 1905 da muka yi amfani da ita a sama, sai kwantam. Ka'idar filaye ta kwantam, wadda ita ce ainihin harshen fiziks na ƙwayoyi, sai a digiri na biyu ake shigarta sosai. Tsirkiya tana bayan wannan. Idan wani lakcara bai gamsar da kai ba, jami'ar MIT ta sa cikakkun darussanta a intanet kyauta tare da tambayoyin gwaji, David Tong na Kambirij ya sa takardun lakcocinsa kyauta tun daga makanika har tsirkiya, shi ma Gerard 't Hooft, wanda ya ci Nobel a 1999, yana da shafi da ya jera wa mai koyo da kansa abin da zai fara da abin da zai biyo baya. Takardun nan ba sa cin data kamar bidiyo. Ka sauke su sau ɗaya, idan da hali ka buga babin da kake kai, ka ajiye wayar a nesa.

Ma'aunin da za ka riƙa auna kanka da shi ɗaya ne: tambaya nawa ka warware da hannunka a wannan mako ba tare da leƙen amsa ba. Wata tambayar za ta cinye maka yamma guda ba ka fita ba, ka kwana da ita, da safe ka ga ashe alamar ragi ce ka yar a layi na huɗu. Haka karatun yake ga kowa. Ka nemi mutum biyu ko uku a ajinku masu son abin da gaske, ku sa rana a mako, kowa ya tashi gaban allo ya warware tambaya sauran suna tsayar da shi. Bidiyon kuwa ban ce ka daina ba. Ka bar shi ranar Juma'a da yamma, bayan ka yi aikin makonka.

Tambayarka ta ko irinmu ne ke yin wannan karatu ta taɓa ni. Abdus Salam an haife shi a 1926 a Jhang, wani gari a Fanjab da ke Pakistan a yau. Ya yi karatu a Kambirij, ya koma Lahore koyarwa, ya tarar babu abokin tattaunawa kuma babu mujallun bincike, har dole ta sa ya sake komawa Ingila. Wannan kaɗaici ne ya sa ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta ICTP a birnin Tiriyesta na Italiya a 1964, don masana daga ƙasashe matalauta su samu inda za su riƙa zuwa. A 1979 ya karɓi kyautar Nobel tare da Glashow da Weinberg, a kan aikin da ya zama ginshiƙin Daidaitaccen Tsari. Cibiyar tasa tana nan, tana da shirin difloma na shekara ɗaya ga waɗanda suka gama digiri na farko daga ƙasashe masu tasowa, da sashen fiziks na ƙwayoyi a ciki, kuma wanda aka zaɓa ana ɗaukar nauyinsa. Akwai cibiyar ilimin lissafi ta AIMS, wadda Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003, yanzu tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana ba da digiri na biyu a fannonin lissafi da cikakken tallafi. A Abuja akwai jami'ar AUST mai sashen fiziks na nazari. Akwai kuma makarantar fiziks ta Afirka da ake yi duk bayan shekara biyu tun 2010, an taɓa yin ta a Kumasi da Dakar da Kigali.

Duk waɗannan wurare abu biyu suke fara dubawa: sakamakonka na digiri, musamman a darussan lissafi, da wasiƙar malaman da suka san ka. Babu wanda zai tambaye ka bidiyo nawa ka kalla. Kari-oba ɗaya a aji biyu ba ya kashe mutum idan makin aji uku da huɗu suka nuna ya farka. Saboda haka ka je ofishin malamin darasin, ka gaishe shi, ka ce masa ka faɗi kuma kana so ka gane inda ka kauce. Malamai suna tuna ɗalibin da ya zo da irin wannan magana, kuma wata rana shi za ka nema ya rubuta maka wasiƙa.

Yanzu maganar Baba. Ba na jin daɗin ɓoye masa da ka yi. Shi ke biyan kuɗin makarantar, yana da haƙƙin sani, kuma idan ya ji daga bakin wani ko ya gani a takarda daga baya, duk abin da za ka faɗa masa game da karatun nan ba zai ƙara shiga kunnensa ba. Sannan ka sani damuwarsa tana da tushe. Guraben aikin bincike a wannan fanni kaɗan ne a duk duniya, da yawa daga masu digiri na uku a cikinsa suna ƙarewa ne a wasu ayyuka: sarrafa bayanai, rubuta manhajar kwamfuta, bankuna, koyarwa, ko sashen gashin cutar daji a asibiti inda ake buƙatar masanin fiziks ya auna ƙarfin hasken da za a ba marar lafiya. A nan gida ma akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, mai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004. Don haka ka fara koyon rubuta manhaja da Python tun yanzu. Masu binciken ƙwayoyi da irinsa suke aiki kullum, CERN ma ta saki wani ɓangare na bayanan gwaje-gwajenta kyauta don ɗalibai su gwada hannu, kuma sana'a ce da za ta ciyar da kai ko ka ci gaba da fiziks ko ba ka ci gaba ba.

Kada ka je wa Baba da labarin ɓangarori goma na sarari. Ka same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan an rufe shago, ka durƙusa ka ce, "Baba, na faɗi darasi ɗaya, laifina ne, ban ba shi lokacinsa ba. Ina neman afuwa a kan rashin faɗa maka da wuri." Ka bari ya yi faɗansa har ya gama, kada ka katse shi. Sannan ka roƙe shi ya ba ka zuwa ƙarshen aji uku, ka yi masa alkawarin kawo masa takardar sakamako kowane zango ya gani da idonsa, kuma duk hutu kana shago tare da shi daga buɗewa har rufewa. Idan akwai kawu ko yaya da Baba ke jin maganarsa, ka fara sanar da shi, ya zauna tare da ku ranar.